Duwatsu a Buhun Mbusa

Tun daga yadda igiyar ta zauna a goshinsa Mbusa ya san an taɓa masa kaya. Wanda ya shekara talatin yana hawa dutsen Rwenzori da buhu a baya ba ya bukatar ma'auni, wuyansa ya ishe shi. Jiya da yamma da hannunsa ya ɗaure bakin buhun a zangon Nyabitaba, garin rogo da gawayi da wake da tantin baƙi duk suna ciki. Yau da safe ƙullin yana nan daram yadda ya bar shi, irin ƙullin da shi ya koya wa rabin tawagar. Amma da Ndungo ya tallafa masa ta baya, sai ya ji ya miƙe tsam, ba nishi, ba ƙarar gwiwa. Waken ne babu.

Ya waiwaya ya dubi Ndungo. Ƙaton nan, baban 'yan biyu, ya duƙa yana gyara dogon takalminsa na roba, sai ka rantse a duniya ba abin da ya dame shi sai takalmin. Ya dubi Sibendire mai girki, ya tarar yana kankare tukunyar da ya riga ya wanke. Kyakimwa kuwa, 'yar ƙaninsa, wadda ita ce jagorar tafiyar, ta ba shi baya tana nuna wa baƙin nan biyu 'yan Kampala wani tsuntsu a kan reshe. Duk tawagar ba wanda idonsa ya faɗo kansa, ko da kuskure.

Mu nan gindin dutse ba ma ce wa ɗan dako ya tsufa. Babu bakin da zai iya. Mutumin da ya riƙe hannunka ya tsallakar da kai rafi kana sabon shiga, da wane ido za ka dube shi ka ce ya isa haka? Sai dai a rage masa kaya a ɓoye, a raba tsakanin sauran, ba a faɗa, shi ma ba ya tambaya. In ya sauko gida da buhu mai sauƙi, to ya fahimta. Ranar da za a sake auna kaya a bakin hanya ba za a gan shi ba, zai aiko ya ce aiki ya yi masa yawa a gonar kofi, kowa ya ce Allah ya ba da amfani, an rabu da mutunci. Mbusa ya san wannan sarai, don shi ne ya zare ƙunshin gishiri daga kayan Sibendire shekarun baya, kuma a lokacin gani yake alheri ya yi masa. Sibendire dai ya yi sa'a ya iya girki, sai ya koma bayan tukunya ya ci gaba da hawa. Mbusa ko ruwan shayi aka ce ya ɗora sai an zubar.

Laifinsa ɗaya ne. Jiya a hawan ƙarshe, inda hanya take miƙewa tsaye cikin saiwoyi, ya tsaya ya dafa itace, ya sake tsayawa, ya iso zango bayan kowa, har bayan baƙuwar nan Nalwoga da ke tsayawa ɗaukar hoton kowane ganye. Ya ce takalmi ne ya matse shi. Kyakimwa ta ce, “Sannu, Baffa,” ta miƙa masa shayi, ta tsaya tana kallonsa.

Aka kama hanya, aka gangara zuwa kogi. Abin haushin, ƙafarsa ta saki, numfashi ya dawo, kafin ya ankara ya wuce samari biyu ya kama gaba. Sai da ya ji muryar Sibendire daga baya, tukunya na ƙara a gadon bayansa, sannan ya gane ramin da ya faɗa.

“A'a! Yau wa ya ara maka ƙafar saurayi?”

“Ƙafata ce ta kullum, tsohon banza. Kai dai ka kula da tukunyarka, ita kaɗai ta rage maka a duniya.”

“Ita ke ciyar da kai, mara godiya. Ka rage gudu kada baƙi su zata mun ɗauko barewa.”

Samari suka yi dariya, shi bai yi ba. Kowane taku mai kyau da ya yi shaida ce a kansa, yana nuna musu da ƙafarsa cewa sun yi daidai. Ransa ya ɓaci ƙwarai, ga kuma tsoro a ƙarƙashin ɓacin ran. Shi bai san kansa a ko'ina ba sai a kan hanyar nan. A gida baƙo ne, matarsa ce ta san wane ɗan akuya ne na wace uwa, kuma in ya zauna a tsakar gida ya kwana biyu sai ya rasa inda zai sa hannuwansa.

A bakin kogi aka sauke kaya don hutawa. Mbusa ya zagaya bayan wani falalen dutse kamar mai biyan bukata, ya tsuguna ya zaɓi duwatsu uku masu santsi, yana auna su a tafin hannu har ya ji sun kai nauyin waken. Ba zai iya cewa a dawo masa da wakensa ba. Faɗin haka daidai yake da tsayawa tsakiyar kasuwa ya ce jama'a ku zo ku ga an raina ni. Amma ba a taɓa jin an hana mutum ɗaukar dutse ba. Ya ɓoyo su cikin rigar sanyi, ya jira har hankalin kowa ya koma kan ayabar da ake rabawa, ya cusa su cikin buhun ya ƙulle.

Da Ndungo ya zo tallafa masa, hannunsa ya tsaya cak a ƙarƙashin kayan.

“Tsoho, kayan nan ya sha ruwa ne?”

“Raɓa ce.”

“Kai, raɓar bana da nauyi take.”

“Ku yaran yanzu komai nauyi yake muku. Ɗaga ni, kana ɓata min lokaci.”

Ndungo ya ɗaga shi, bai ƙara ko kalma ba. In ya ce ya ji dutse, to ya yarda ke nan ya san abin da aka cire.

Ranar nan hanya ta ci Mbusa. Cikin gora ne, santsi, saiwa, gungumen da sai an haura, ga yayyafin da ba ya ɗaukewa. Tun kafin rana ta raba ya koma na ƙarshe, yana jin bugun zuciyarsa har cikin kunne. Amma duk inda ya tsaya yana haki, yana gaya wa kansa cikakken kaya ya ɗauko, ba na sadaka ba, kuma sun san da haka. Ya iso zango an riga an kafa wa baƙi tanti na biyu, an hura wuta a ƙarƙashin kogon da 'yan dako suke kwana. Sibendire ya tuƙa tuwon rogo da miyar busasshen kifi, ya zuba masa da yawa fiye da na kowa, yana zaginsa wai ya zo a makare kamar surukin da ba a so. Mbusa ya ci loma kaɗan ya ture. Ya jawo buhun ya yi matashin kai da shi, ya ɗaura igiyar a wuyan hannunsa.

Barcin gajiya bai san gadi ba. Da gari ya waye ƙullin yana nan, igiyar tana hannunsa, gawayi ya tafi. Duwatsun kuwa an bar masa abinsa, har an jera su a ƙasan buhu da kyau don kada su sa masa ciwo a baya. Wanda ya cire su ya yi magana ke nan, kuma ba mai son ya zama shi ne ya yi maganar. Mbusa ya daɗe yana kallon jeren nan. Sannan ya fita bayan kogo ya tsinto wasu, manya, masu kaifi, don a nan sama babu na kogi masu santsi.

Wauta ce, ba mai musun wannan. Amma ba tasa ba ce shi kaɗai. Mutane ne masu ƙaunar juna, kowa yana kare fuskar ɗan'uwansa, suna ta rage abinci daga buhu suna barin dutse.

Kyakimwa ta bar baƙin da wani saurayi a gaba, ta dawo baya ta jera da shi. Ita ce jagora, in ta ce a sauke kaya an sauke, in ta ce wane ya juya gida ya juya. Amma a gaban wannan mutumin ita 'ya ce, kuma shi ne ya tsaya mata lokacin da dattawa suka ce mace ba ta hawa dutse.

“Baffa, Inna ta ce kofinka ya nuna ja wur, ba mai tsinka.”

“Yana nan, ba inda za shi.”

“Ta ce birai sun fara shiga masara.”

“Ke jagorar baƙi ce ko jagorar gonata?”

Suka yi 'yar tafiya. Tana jin yadda numfashinsa yake fita da ƙara.

“Baffa, fadamar Bigo ce a gabanmu. Ruwa ya kwashe katakon tsakiya.”

“Ni za ki gaya wa Bigo? Ranar da kika fara shigarta takalminki ɗaya kika bari a ciki, kina kuka da majina, ni na ba ki nawa na ƙarasa da ƙafa.”

“Ban manta ba.”

“To wuce gaba, baƙinki na jira.”

Kalma ɗaya ta rage ta faɗa, ta haɗiye ta, ta wuce. Daga baya ta sha cewa da ta sani, amma a lokacin ta ga ya fi sauƙi ta sa Ndungo ya biyo bayan tsohon kawai.

Fadamar Bigo ba a taka ta, tsallaka ta ake yi. Dunƙulen ciyawa ne tsaye-tsaye cikin baƙar laka, kowanne kamar kujera 'yar tsuguno, mutum ya dogara sanda ya yi tsalle daga wannan zuwa wancan. Inda katako ya rage aka bi katako, inda ya ƙare aka fara tsalle. Baƙin suna faɗuwa suna dariya, mijin Nalwoga ya nutse har gwiwa aka zaro shi. Mbusa ya tsallake rabin fadamar lafiya, don ƙafarsa ta san kowane dunƙule ko da ƙarfi ya ragu.

Sai dai gari da gawayi suna bin jikin mai ɗauke da su, in ya karkata su karkata tare da shi su dawo. Dutse ba haka yake ba. Ya sa ƙafar dama, ya yunƙura, duwatsun suka gangara gefe guda cikin buhun suka fizge shi. Ya faɗa da baya. Kayan suka fara nutsewa suna janyo shi, igiyar ta zame daga goshi ta sauko maƙogwaro. Ya so ya yi kira, murya ta ƙi fita, laka ta taso har kunnuwansa.

Ndungo ya jefar da nasa kayan kan ciyawa ya diro cikin lakar har cinya. Ya rungumi buhun ya ɗaga shi sama don igiyar ta saki, yana ihu a kawo wuƙa. Kyakimwa ta dawo da gudu tana tsallake dunƙule biyu-biyu, ta kwanta rub da ciki ta yanke igiyar. Mbusa ya ja numfashi. Buhun kuwa, da ya rabu da igiya, ya suɓuce daga hannun Ndungo mai santsin laka, ya sauka a kan ƙwaurinsa daidai inda ƙafar ta maƙale a ƙarƙashin wani tsohon katako. Kowa ya ji ƙarar, irin ta gora in an karya ta.

Sai da mutum huɗu suka taru kafin a zaro su biyun. Buhun ya yage a bakin katakon, abin da ke ciki ya zube a fili: ɗan garin rogo, tanti a naɗe, da duwatsu, manya da ƙanana, suna gangarawa cikin laka ɗaya bayan ɗaya.

Nalwoga mai haɗa magunguna ce a Kampala, ta riga ta durƙusa tana taɓa ƙafar Ndungo. Ta ɗaga kai ta ga duwatsun, ta dubi Kyakimwa.

“Me ya sa ake hawa dutse da duwatsu?”

Samari suka sunkuyar da kai. Sai Sibendire ya gyara murya.

“Na murhu ne, ranki ya daɗe. Duwatsun sama sanyi gare su, ba sa dafa wake.”

Ta dube shi, ta dubi Mbusa da ke zaune cikin ciyawa da jan layi a wuyansa. Mace ce mai hankali, ba ta sake tambaya ba. Ta ce a nemo sanduna biyu miƙaƙƙu da zane.

Tafkin Bujuku da ke gaba ya fi kusa a kan komawa baya, don haka aka ɗaure ƙafar aka goya Ndungo, ana karɓa-karɓa, har aka isa da la'asar sakaliya. Ruwan tafkin baƙi ne, ba motsi. Suna isa gajimare ya ɗan yage, ƙanƙarar da ke kan ƙololuwa ta bayyana fara fat, sannan ya sake rufewa. Wannan ne abin da baƙin suka taso tun daga Kampala don su gani, suka tsaya suka kalla. Mbusa bai ɗaga kai ba. Hannu rabbana ya iso, an raba ɗan abin da ya rage na buhunsa, bayansa yana jin iska ta inda bai saba ji ba.

Aka kwantar da Ndungo a kogo kusa da wuta. Gawayin da ke ci Mbusa ya san shi, nasa ne, ga buhun nan da ɗinkin matarsa a gefe. Ƙafar ta kumbura ta cika takalmin, dole sai an yanka. Da Kyakimwa ta sa wuƙa Ndungo ya kama hannunta.

“Haba Yaya, sabo ne fa! Ko wata bai yi ba!”

“Za ka yi shiru ko in haɗa da ƙafar?”

“Yanka ta gefe, don Allah, ta inda za a iya liƙewa.”

Aka yi dariya, irin wadda ake yi don kada a yi wani abu daban. Da aka watse neman ruwa da kafa tanti, Mbusa ya matso ya tsuguna a gefensa. Ya rasa ta inda zai fara. Ƙafar nan ita ce gonar mutumin, ita ce abincin 'yan biyunsa, kuma ba wanda ya san ko za ta sake hawa dutse. Kunya ta cika shi har yana jin ɗacinta a baki.

“Baban 'yan biyu.”

“Na'am, Tsoho.”

“Yaya ƙafar?”

“Tana gaishe ka.” Ndungo ya yi murmushin ciwo, zufa na tsattsafo masa duk da sanyin. “Da ka gaya min duwatsu kake sha'awa, ai da na tsinto maka masu laushi.”

“Ndungo, ni ne na…”

“Miƙo min ruwan can, Tsoho. Maƙogwarona ya bushe.”

Ya miƙa masa. Ko a nan ma ba a bar shi ya faɗa ba.

Kafin duhu Kyakimwa ta tara kowa ta yanke magana. Gobe da sassafe za a juya gida gaba ɗaya, ba zancen haurawa zuwa zangon Kitandara da ke gaba. Nalwoga ta ce sun ga tafki, ya ishe su na bana. Mijinta ya ce haka ne, amma fuskarsa ba ta ce ba, ya daɗe yana kallon inda ƙololuwar ta ɓuya. Aka sare sanduna aka ɗinke bargo a jiki don ɗaukar Ndungo. Hakan na nufin ƙarfafa biyu sun bar kaya sun koma ɗaukar mutum, ga kayan Ndungo kansa ba mai shi.

Da safe ciyawa ta daskare, tana ƙara ƙarƙashin takalmi. Kyakimwa ta zube komai a kan falalen dutse tana rabawa. Baƙin suka ɗauki jakunkunansu da kansu. Sibendire ya cika tukunyarsa da gishiri da kifi ya ɗaure bakin. Ita kanta jagorar, wadda ƙa'ida ba ta ɗora mata komai sai jakar magani, ta haɗa wa kanta buhu. Duk da haka tulin bai ƙare ba. Ta tsaya tana kallon abin da ya rage, sannan ta ɗauko sabon buhu ta zuba tanti biyu, da gawayi, da garin rogo cikakke, da waken nan, ta jawo shi gaban Mbusa. Ta ciro igiyar ɓawon ayaba daga kayan Ndungo ta ɗora a kai.

“Baffa, yau ina bukatar bayanka. Ba wanda zai taɓa maka kaya, babu inda za a sa.”

Ta faɗa a gaban kowa, kuma gaskiya ta faɗa. Abin da ya yi ta fafutuka a kansa tun Nyabitaba ke nan, ga shi an ba shi, har da ƙari. Ya ji daɗi, ba zai ɓoye wa kansa ba, duk da Ndungo na kwance cikin bargo a gefensa. Ya ƙulle bakin buhun, ya tsuguna ya ba shi baya, ya gyara igiyar a goshi sama da inda jiya ta zame. Sibendire ya zo ya sa hannu ta ƙasa.

“Tashi, barewa.”

Ya tashi. Gwiwa ta yi ƙara, ido ya yi duhu na ɗan lokaci, amma ya tashi, kuma kayan kirki ne, ya kwanta luf a bayansa. Ya kama gaba kamar yadda ya saba a da, sanda a hannu, ya bi gefen tafkin. Tawagar ta jeru a bayansa, masu ɗauke da Ndungo na biye da shi kai tsaye, don su taka inda ya taka.

Ba su yi nisa ba ƙasa mai ƙarfi ta ƙare, caɓi ya fara. Dunƙule na farko yana nan a gabansa, bai kai tsawon sanda ba. Ya tsallake dubunsa. Ya dogara sandar, ya matsar da nauyi kan ƙafar hagu don ya yunƙura, sai ya ji ta tana rawa tun daga cinya. Ya jira ta daina, ba ta daina ba. Ya sake gyara tsayuwa, ya gwada da dama, ita ma haka.

Wataƙila zai kai dunƙulen. Wataƙila ya kai na biyu da na goma. Amma Bigo tana gaba, kuma ya san in ya faɗi wani zai diro masa, ba tare da tunani ba, kamar jiya. Ya waiwaya kaɗan iya yadda igiyar ta bar shi. Samari biyu na tsaye da sandunan a kafaɗa, bargon yana lilo tsakaninsu. A bayansu Kyakimwa ce, ta duƙa ƙarƙashin buhun da ya fi ƙarfinta. Ita ce za ta diro.

Da suka ga ya waiwayo, duk suka juya suna kallon tafki. Wani ya ce yau ruwan ya yi kyau. Sibendire ya fara ba da labarin wata agwagwa da ya taɓa gani a nan. Suna ba shi lokaci ne, kuma da zai tsaya a wurin har rana ta faɗi, haka za su yi ta kallon ruwan.

Mbusa ya ja da baya zuwa wani dutse, ya sauke kayan a kai. Ya kwance ƙullin da yatsun da sanyi ya ƙame. Ya ciro garin rogon ya ajiye, ya ciro waken ya ajiye a gefensa. Ya ɗaga buhun da hannu ɗaya ya ji, ya sake buɗewa ya ciro gawayin.

“Kyakimwa.”

“Na'am, Baffa.” Ba ta juyo ba.

“Juyo ki dube ni. Ku duka ku juyo, tafkin yana nan.”

Suka juyo a hankali, ba da son ransu ba.

“Wannan ya fi ƙarfina,” in ji shi. “Ba yau ya fara ba. Ku san yadda za ku yi da shi.”

Ba a taɓa jin ɗan dako ya faɗi haka da bakinsa a hanyar nan ba, don haka ba wanda ya san amsar da ake bayarwa. Sibendire, da bakinsa ba ya mutuwa, ya tsaya riƙe da igiyar tukunya. Kyakimwa ta zo ta ɗauki waken ta ɗora a kan nata, hawaye na zuba, ba ta goge ba don hannuwanta duka a cike suke. Mijin Nalwoga ya ajiye sandarsa ya rungumi garin. Gawayin aka tura ƙarƙashin dutse inda ruwa ba zai taɓa shi ba, don masu zuwa a baya.

Daga cikin bargo Ndungo ya ce, “To a tafi mana, ko sai ƙafar ta haihu?”

Mbusa ya ƙulle buhun. Sibendire ya matso zai tallafa masa, Mbusa ya ɗaga masa hannu, don babu abin tallafawa. Ya tsuguna ya sa igiyar ya miƙe shi kaɗai. Ya dogara sanda ya tsallaka dunƙule na farko, ya tsallaka na biyu, ƙafar ba ta yi rawa ba ko kaɗan. Kayan ya zauna masa daidai, kamar an auna shi don shi, kuma wannan ya fi masa ciwo fiye da igiyar jiya. Ya ci gaba yana zaɓar musu inda za su taka.